Na'urar da Ke Bin Numfashin Mai Barci

Ba kowane minshari ba ne alamar barci mai daɗi, domin akwai wanda naman maƙogwaronsa kan saki idan barci ya yi nauyi, har ya toshe hanyar iska na daƙiƙa goma ko fiye, sai ya zabura cikin shaƙewa ya sake komawa barci ba tare da ya sani ba. Idan hakan ya wuce sau 30 a awa guda, likitoci kan ce ciwon ya tsananta, kuma yakan haddasa gyangyaɗi da rana da hawan jinin da ba ya jin magani. Wani bincike na 2019 ya ƙiyasta cewa ƙasar Sin ce kan gaba a yawan masu fama da shi, kimanin mutum miliyan 176, kuma a can ƙirar muƙamuƙi na taka rawa ko da babu ƙiba sosai.

A 1981 Colin Sullivan na Jami'ar Sidni ya bayyana dabarar hura iska ta mesa da takunkumin hanci don ta tokare maƙogwaro, sai dai na'urorin farko ƙarfi ɗaya suke bayarwa har asuba. Wadda ake kira APAP kuwa tana auna kowane numfashi, ta ƙara ƙarfin iska da zarar ta ji hanya ta fara ƙuntata, kamar lokacin da mutum ya juya rigingine, sannan ta sassauta idan ta buɗe. Wannan sassaucin abu ne mai muhimmanci, tunda na'urar da aka tuɓe tsakar dare saboda takura ba ta amfanar kowa.

A gundumar Tianhe ta birnin Guangzhou na ƙasar Sin akwai Asibiti na Uku na Jami'ar Sun Yat-sen da Asibiti na Ɗaya na Jami'ar Jinan, kuma a irin waɗannan manyan asibitocin gwajin barci ake fara yi kafin a ba da na'urar, inda ake manna wa mutum wayoyi ya kwana ana auna iskar jininsa. 'Yan kasuwar Kano masu sarin kaya a birnin ya kamata su lura da wannan kafin su sayo wa iyaye na'urar a matsayin tsaraba, domin mai ciwon zuciya ko na huhu, ko wanda ɗaukewar numfashinsa daga ƙwaƙwalwa take, yana iya buƙatar wata dabam. Haka nan sai an tanadi batir ko sola saboda ɗaukewar wuta, da tukunyar ruwan da ke jiƙa iskar a lokacin hunturu.