Kafin A Sayar Da Fili Domin Karatun MBA

A ƴan shekarun nan, da wuya wata ya wuce ba mu ji wani daga cikin matasanmu, ma'aikacin banki ko akanta a ma'aikatar gwamnati, yana cewa zai tafi karatun MBA ba. Wato digiri na biyu ke nan a kan gudanar da kasuwanci. Iyaye kuwa sukan ce madalla, ko da ba su san inda aka dosa ba.

Mun san wani gida a kudancin Kaduna inda aka sayar da fili aka biya wa ɗansu kafin alƙalami a wata makaranta a Ingila, a farkon 2023, sa'ad da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati. A watan Yuni na shekarar aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Da lokacin biyan ragowar ya zo, abin da aka tanada bai kai ko rabi ba. Yaron ya dawo, ba takarda, ba fili. Ba rashin ƙwazo ne ya kā da shi ba, lissafi ne ba a yi ba.

Tambaya ta fari ita ce, me kake so ka yi da takardar? Tun da Jami'ar Harvard ta Amurka ta fara ba da wannan digiri a 1908, ba a shirya shi domin mai son zama malamin jami'a ba. An shirya shi domin wanda zai riƙe ma'aikata, ya lura da kuɗi, da ma'aikata, da kasuwa. Shi ya sa a manyan makarantu yawancin ɗalibai sun yi wajen shekara biyar suna aiki kafin su shiga. Wanda ya gama bautar ƙasa jiya, ya ruga MBA domin bai sami aiki ba, a ganinmu ya yi gaggawa. A aji za a yi ta muhawara a kan matsalolin da kamfanoni suka shiga, shi kuwa ba shi da abin da zai tofa.

In burinka ƙarin girma ne a inda kake aiki, ko ka gyara tafiyar kantinka, ko makarantarka, ko gonarka, to, ba lalle sai ka ƙetare teku ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana ba da MBA, har da na karatu daga nesa. Jami'ar Bayero ta Kano tana da makarantar kasuwanci mai sunan Ɗangote. Akwai kuma Jami'ar Jos, da Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa. A Legas akwai Lagos Business School wadda aka fara a 1991, tana da tsada ƙwarai, amma ƙungiyoyin duniya masu tantance irin waɗannan makarantu, AACSB da AMBA, sun amince da ita. Amfanin karatu a gida shi ne albashinka bai tsaya ba, kuɗin makaranta a naira yake, abokan ajinka kuma su ne mutanen da za ka yi hulɗa da su gobe. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, gama rabin abin da ake saye a MBA sanin mutane ne. Mai takardar HND ko digiri mai daraja ta uku, galibi sai ya fara yin difloma ta gaba da digiri tukuna.

Sai dai fa a yi hattara da masu buɗe aji a saman bene suna cewa su reshen wata jami'ar waje ne. A tabbata hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta san da makarantar, ta kuma amince da kwas ɗin. Ba mu manta ba, a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya ɓad da kama ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida.

Mai niyyar waje kuwa, ya fara da kuɗi, ba da sunan makaranta ba. A Amurka karatun shekara biyu ne. A Harvard kuɗin makaranta kaɗai ya haura dala 70,000 a shekara a 2024, ban da ɗaki da abinci. A Turai ya fi gajarta: a INSEAD ta Faransa, wadda aka kafa a 1957, wata goma ne, yawancin na Ingila kuma shekara ɗaya. A rubuta lissafin duka da kuɗin ƙasar da za a je, a haɗa da albashin da za a rasa, sa'an nan a tambayi kai, in naira ta sake faɗuwa, za mu iya ƙarasawa? Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya yana neman wanda ya yi aiki shekara biyu aƙalla, da sharaɗin ya koma ƙasarsa shekara biyu bayan karatu, amma abin da yake biya na kuɗin MBA yana da iyaka, ragowar a wuyanka take.

Masu aure, ga naku. Tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana masu irin wannan digiri zuwa da mata, ko miji, ko ƴaƴa, sai in gwamnati ce ta ɗauki nauyinsu. Amurka ma ta tsananta ba ƴan Nijeriya biza tun 2025. A zauna da iyali a yi wannan magana kafin a cika fom, ba bayan an sami gurbi ba.

Shirin kansa yana cin shekara guda. Yawancin makarantun waje suna neman jarrabawar GMAT ko GRE. An sake fasalin GMAT a ƙarshen 2023: yanzu kashi uku ce, kowanne minti 45, maki daga 205 zuwa 805, sakamakon kuma yana aiki har shekara biyar. Tsofaffin littattafan da ake sayarwa a bakin titi na tsohon tsari ne, a lura. Wanda ya rabu da lissafi tun sakandare ya ba kansa wata uku ko huɗu. Makarantun Amurka suna karɓar takardu zagaye-zagaye, na fari wajen Satumba, na biyu wajen Janairu, na uku wajen Afrilu. Ɗan ƙasar waje mai neman tallafi kada ya jira na uku, gama a lokacin gurabe da kuɗin sun kusa ƙarewa, ga kuma jiran biza.

Wajen masu ba da shaida a kanka, mutanenmu suna son babban suna, sanata ko sarki. Makarantun ba su damu da wannan ba. Sun fi son shugabanka na wurin aiki wanda zai iya faɗin abin da ya ga ka yi da idonsa. Haka ma rubutun da za ka yi a kan kanka: wanda ya bayyana yadda ya tsamo ƙungiyar adashin manoma daga bashi ya fi mai jera manyan kalmomi, kuma a ganawar baki ake gane wanda aka rubuta masa.

Abin da ya fi ɓata wa mutanenmu lokaci shi ne takardar sakamakon jarrabawa daga tsohuwar jami'a. Wani ɗan'uwanmu ya yi wata biyar yana zirga-zirga a kanta, har zagaye na biyu ya wuce shi. Ita za a fara nema, tun kafin a buɗe littafin GMAT, a kuma duba ko kwanakin fasfo za su kai ƙarshen karatun.