Sirrin Tashin Fara Yana Cikin Lanƙwasar Fiffikenta

Manoman gero na Tajaye da sauran garuruwan Illela, Malbaza da Birnin Ƙonni sun san fara ta fuska biyu, domin ita ce ake soyawa a barbaɗa mata yaji a kasuwa, kuma ita ce annobar da ta afka wa jihar Tawa a 2004, lokacin da farar dango ta cinye amfanin gona da ciyawar makiyaya. Abin da ke kawo ta daga uwa duniya kuwa fukafukai ne guda huɗu, waɗanda akan fizge a zubar kafin suya, alhali kuwa ƙirarsu ta cancanci a tsaya a dube ta da kyau.

Na gaba biyu sirara ne masu ɗan tauri, na baya kuwa faffaɗa ne, suna naɗewa kamar mafici idan ta sauka, kuma su ne ke ɗaukar mafi yawan nauyinta a sama. Idan aka ɗaga na bayan aka haska shi da rana, za a ga jijiyoyi sun bazu daga gindinsa kamar ƙarafan laima, da fata mai shara-shara a tsakaninsu. Babu tsoka ko ɗaya a cikin fiffiken, duk tana ƙirji, saboda haka tsarin jijiyoyin ne ke ƙayyade yadda zai lanƙwasa. Yayin da fara ta buga shi ƙasa, fatar takan miƙe ta yi doro kamar laimar da aka buɗe, iska ta bi ta samansa da sauri ba tare da ta rabu da shi ba, daga nan ne ƙarfin ɗagawa ke samuwa. A 2009 masana daga Jami'ar Oksfod da Ostareliya sun kwaikwayi fiffiken a kwamfuta, suka gano cewa idan aka cire masa doron da murɗewar da yake yi yayin bugu, ƙarfin da za a kashe wajen ɗaga nauyi iri ɗaya yakan ƙaru sosai. Wannan tsimin ƙarfi, tare da taimakon iska, shi ya sa farar dango ta ƙetare tekun Atlantika zuwa tsibiran Karibiyan a 1988.

Kaɗawar ma da nata lissafin. Fara na buga fiffike kusan sau 20 a daƙiƙa, shi ya sa ake jin fir-fir ɗinta, yayin da na sauro ke kai ɗaruruwa har ya zama kukan nan mai hana barci. A gindin fiffiken akwai wani sinadari mai kama da roba, rezilin, wanda Torkel Weis-Fogh na ƙasar Denmak ya bayyana a 1960, yana adana ƙarfin kowane bugu ya mayar da shi a na gaba. Tsokar ƙirjin dai sai ta ɗumama take iya wannan aiki, kuma dalilin ke nan da ya sa masu kamun fara ke sammako da buhuna cikin sanyin asuba, lokacin da take lafe a jikin kara ba ta iya tashi.