Rediyon Ƙungiya da Labarin Ruwan Sama

Ku buɗe littafin bashi na ƙungiyarku, ku duba daga watan Mayu zuwa Yuli, za ku ga inda kuɗin akwati yake tafiya: iri, taki, maganin feshi, kuɗin ƙwadago. Wato adashinmu yana rataye da damina. In shuka ta ƙone, ba gonar kaɗai ta yi asara ba, ranar biyan bashi ma sai an ji a jiki. Shi ya sa a duk ƙungiyar da nake zagayawa, daga Dambatta da Makoɗa har Kunci da Tsanyawa, nake cewa a ɗauki sauraron hasashen yanayi a rediyo a matsayin aikin ƙungiya, kamar riƙon makulli ko ƙirga kuɗi.

Hasashen nan daga hukumar kula da yanayi ta ƙasa yake fitowa, wadda ake kira NiMet. A Amurka akwai tashoshin da ba su da wani aiki dare da rana sai faɗar yanayi, har da akwatin rediyo na musamman da ke yin ƙara da kansa in guguwa ta taso. Mu namu a cikin labarai da shirye-shiryen manoma yake zuwa, don haka sai an san tasha, an san lokaci.

Ba sai an sayi sabon abu ba. Ƙaramar waya mai madannai tana da rediyon FM a ciki, ba ta cin kati, ba ta cin data. Sai dai yawancinsu ba sa kamawa sai an soka iyafis, domin igiyarsa ita ce eriya. A warware igiyar, kar a bar ta a nannaɗe. A cikin rediyon wayar akwai wurin da ake dannawa ta laluɓo tashoshi da kanta ta adana su. A yi wannan a tsakar gida, ba a ƙuryar ɗaki ba. Freedom Radio tana kan 99.5, Rahma 97.3, Arewa Radio 93.1, Pyramid 103.5. Wadda ta fi fita tangaran a garinku, ita za ku riƙe, ku saurara kwana biyu uku har ku gane ƙarfe nawa take karanta labarai da shirin noma. In garinku ya yi wa FM nisa, akwatin rediyo mai zangon AM ya fi, musamman da daddare. Kuma AM tana da wani amfani da ba kowa ya lura da shi ba: in kuka ji tana ƙarat-ƙarat a kai a kai da damina, walƙiya ce ake yi a wani wuri, ko da ba ku ga hadarin ba tukuna.

Hasashen iri-iri ne, kuma a nan ne ake yawan ruɗewa.

Akwai na shekara, wanda NiMet ke fitarwa a farkon shekara, tun ana sanyi. Shi ne ke faɗar lokacin da ake sa ran damina za ta zauna, yaushe za ta ɗauke, da ko za a yi fari a tsakiya. Wannan shi ya fi shafar akwati. In an ce damina za ta yi gajarta a arewacin Kano, to mai neman bashin iri ta nemi gero da wake masu saurin nuna, kar ta zuba kuɗinta duka a masara. In an ce ana sa ran fari bayan shuka, ƙungiya ta rage wani abu a akwati, kar a rabar da shi kaf a makon farko, saboda masu sake shuka za su dawo neman kuɗin iri. Ni a ganina wannan zama ɗaya da za ku yi a watan Maris ko Afrilu kan hasashen shekara ya fi zama goma na bayan ɓarna.

Ku kula da kalmar "Jihar Kano" in mai labarai ya faɗe ta. Kano tana da tsawo. Doguwa da Tudun Wada suna samun ruwa tun mu nan muna shan zafin bazara, wani lokaci gonakinsu sun yi kore kafin mu yi shuka. In an ce damina ta sauka a Kano, ku jira ku ji an ambaci arewacin jihar ko sunan ƙaramar hukumarku. Labarin Kazaure da Daura ma ya fi kusa da namu a kan na Doguwa. Ruwan farko kuma ba kullum ne ruwan shuka ba. Shamuwa ta zo, an yi ruwa ɗaya mai ƙarfi, kowa ya fita da sungumi, sai a yi sati biyu ba ɗigo. Tsofaffinmu sun san wannan tun kafin rediyo. A haɗa biyun: a ji abin da aka faɗa, a kuma tona ƙasa a ga inda laima ta kai.

Sai na kwana-kwana, wanda ke faɗar yau da gobe da jibi. Shi na aikin hannu ne. Mai shirin zuba takin yuriya, in an ce gobe akwai ruwa mai yawa, ta dakata, in ba haka ba ruwa ya wanke kuɗin bashinta ya kai kwari. Haka feshi. Haka shanya: kuɓewa, barkono, kuka, musamman gyaɗa da kaka, domin gyaɗar da ruwa ya daka a shanya tana yin funfuna, ƙulinta ya yi ɗaci, kuma cinta yana cutar da hanta.

Na uku gargaɗi ne: iska mai ƙarfi, ruwa kamar da bakin ƙwarya, ko ambaliya. A lokacin marka, wajen Agusta, ginin ƙasa ya riga ya sha ruwa. In an yi gargaɗi, a fitar da yara da tsofaffi daga ɗakin da bangonsa ya tsage, a ɗaga buhunan hatsi daga ƙasa, a kwance awaki daga gindin katanga, a buɗe rariya. Littafin ƙungiya a sa shi a leda kafin a mayar da shi akwati. Waɗanda ke zaune ƙasa da madatsun ruwa irin Thomas da Gari da Watari su fi kowa kasa kunne. In ana tsawa, a cire waya daga caji, kuma kar a fake a gindin bishiya.

Wata Hajiya ta taɓa tambayata a wurin taro ko wannan ba duba ba ne. Na ce mata, Hajiya, ke ma in kin ga gabas ta yi baƙi kina kwashe shanya. Su ma gajimare da iska suke aunawa, na'urarsu ce kawai ta fi idonmu hangen nesa. Ruwa na Allah ne, kuma hasashen yakan kuskure. In an ce "a wasu sassa", ana iya yin ruwa a Bichi, Dambatta ko yayyafi babu.

Yadda za a tsara abin ba wuya. A zaɓi mace biyu masu sauraro, don in ɗaya ta tafi unguwa ko ta haihu, ɗayar tana nan. Zai fi kyau a samu wadda ke zaune a gida tana sana'a, rediyo na gefenta tana tuyar ƙosai ko saƙar hula. A yanka musu ɗan kuɗin caji ko batir daga kuɗin tara, a rubuta a littafi kamar kowane kashe kuɗi. A kowane zama, bayan addu'a da kiran suna, a ba su minti biyar su faɗi abin da suka ji, da tashar da ta faɗa, da ranar. Labarin da aka ce "an ce" a WhatsApp ko a bakin rijiya ba ya shiga wannan minti biyar. Gargaɗin gaggawa kuwa ba ya jiran ranar zama: a yi waya, ko a aiki yara gida-gida, a fara da gidajen da ke bakin kwari.