Ƙasar da ke Ƙarƙashin Masallatan Alƙahira

Jama'a, kowa ya san labarin birnin Alƙahira na ƙasar Masar da tsofaffin masallatansa, musamman Azhar inda almajiranmu ke zuwa neman ilmi. Amma ba kowa ya san halin ƙasar da aka kafa harsashinsu a kanta ba.

Cikin shekara ta 1303, watau 702 ta Hijira, an yi wata babbar girgizar ƙasa wadda Malam Maƙrizi ya ba da labarinta cikin tarihinsa. Ta yi wa Azhar ɓarna, da masallacin Alhakim, da na Amru ɗan Asi, har manyan sarakunan yaƙi suka raba aikin gyara a tsakaninsu. Ran 12 ga Oktoba 1992 kuma wata ta taso daga wajen Dahshur, kudu da birnin. Ba ta kai ta farko ƙarfi ba, amma ta kashe mutum fiye da 500, ta tsattsage gine-ginen tarihi fiye da 200.

To, ina dalilin wannan ɓarna? Ƙasar birnin iri biyu ce. Ƙagarar Salahuddini tana kan gindin dutsen Muƙattam, masallacin Ibn Tulun kuwa kan tudun dutse ne. Amma yawancin tsohon birnin yana zaune bisa laka da yashin da kogin Nilu ya shimfiɗa, ga kuma ɓaraguzan gidajen da suka rushe aka sake gini a kansu. Girgiza in ta shiga ƙasa mai taushi ƙaruwa take yi, kamar ƙwaryar nono: kaɗan za a taɓa ƙwaryar, nonon ya yi ta kai da kawowa har ya zube. Bayan wannan, yoyon bututun ruwa ya sa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hauro kusa da harsashi, gishirinsa yana bin bango yana cin dutse.

Saboda haka masana sukan haƙa rami mai zurfi kusa da gini, su ciro ƙasa hawa-hawa su duba, su auna inda ruwa ya tsaya. Sa'an nan su buga ƙasa, su sa na'ura ta auna saurin da motsin ke ratsa ta. In ya yi nawa, ƙasar mai taushi ce, hatsarinta ya fi yawa. Da haka ake zana taswira unguwa-unguwa, a san ginin da za a fara ceto.

Babu mai iya faɗin ranar da ƙasa za ta sake motsi. Amma ana iya sanin inda motsin zai fi ɓarna, kuma wanda ya kashe dukiya wajen yaɓe bango bai bincika ƙasar da ke ɗauke da shi ba, zai sake biya sau biyu.