Tafiya a Muritaniya, Ƙasar da Rairayi Ya Haɗu da Teku

Idan mutum ya tashi daga ƙasar Hausa ya miƙe yamma, ya wuce Nijar, ya ratsa Mali, ya ɗan karkata arewa, zai shiga wata ƙasa mai suna Muritaniya. Bayanta babu sauran tudu. Sai ruwan gishiri, watau Tekun Atlantika.

Ƙasa ce mai faɗin gaske. Ta fi Nijeriya girma, amma ƙidayar da aka yi a 2023 ta nuna mutanenta ba su cika miliyan 5 ba. Jihar Kano ita kaɗai ta fi ta yawan jama'a nesa ba kusa ba. Dalili kuwa shi ne yawancin ƙasar hamada ce. Noma sosai sai a kudu, bakin Kogin Senegal. Saboda haka a can rijiya da rairayi su ne ke zaɓa wa matafiyi hanya. Wanda ya bi hanyar da suka bari yakan isa. Wanda ya ce zai yanke, sau da yawa ba a sake jin labarinsa.

Masu shiga ta kudu sukan bi ta garin Roso. Shekara da shekaru jirgin fito ne ke ƙetarar da mutane da motoci da dabbobi a wannan mashigi. A 2021 aka kafa harsashin gada a wurin. Tun a nan ya kamata matafiyi ya san abu guda. Muritaniya ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a shekarar 2000. Don haka kada mutum ya ɗauka takardar da ta shigar da shi Kwatano ko Yamai za ta wadatar a can. Ya nemi bayani a ofishin jakadancin ƙasar tun kafin ya bar gida. Kuɗinsu sunansa ugiya. A 2018 aka sauya shi, ugiya 10 ta da ta koma ugiya 1. Har bayan sauyin 'yan kasuwa da yawa sun ci gaba da faɗar farashi da tsohon lissafi. Baƙon da bai tambaya ba yana iya biyan ninki goma.

Yawancin mutanen suna jin wani irin Larabci da ake kira Hassaniyya. A kudu akwai masu jin Fulatanci, da Soninke, da Wolof. A ofisoshi kuma ana amfani da Faransanci, domin Faransa ce ta mallaki ƙasar har zuwa 28 ga Nuwamba, 1960.

Babban birninsu shi ne Nuwakshot. Kafin 1958 ɗan ƙauye ne a bakin teku. Farin da aka yi a shekarun 1970, wanda ya kashe dabbobi a Nijar da arewacin Nijeriya, ya yi wa makiyayan Muritaniya mummunar ɓarna. Suka kwashe tantunansu suka nufi birni. Yau mutanen Nuwakshot sun haura miliyan 1.

Daga birnin wata doguwar kwalta ta miƙe gabas har garin Nema, kusa da iyakar Mali. Tsawonta ya kai kilomita 1,100, watau kamar daga Kano zuwa Ikko. Sunanta Hanyar Fata, don an gina ta ne bayan wancan fari, da fatan kai abinci da agaji ga mutanen karkara. Babban abokin gabarta shi ne rairayi. Iska takan turo tudun rairayi ya kwanta a kan kwalta, sai an kawo katafila ta kwashe. Gobe kuma ya dawo. Da dare raƙuma da jakuna sukan kwanta a kan titi, shi ya sa direba mai hankali ba ya son tafiyar dare. Akwai shingayen jandarma da yawa a hanya. Baƙin da suka saba sukan rubuta sunansu da lambar fasfonsu a takarda, su buga kofe da yawa, suna miƙa ɗaya a kowane shinge. Wannan yana rage ɓata lokaci.

Wata kwaltar ta tafi arewa zuwa Nuwadibu, garin kifi da tashar jiragen ruwa, wajen kilomita 470. Kafin a gama ta a tsakiyar shekarun 2000, motoci sukan jira teku ta ja da baya, sa'an nan su yi gudu a kan jiƙaƙƙen rairayin gaɓa. Direban da ya yi kuskuren lokaci, ruwa ya dawo ya cinye masa mota.

Amma abin da aka fi sanin Muritaniya da shi wajen tafiya shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo ɗaya tak gare su. An buɗe shi a 1963, tsawonsa kilomita 704, daga Zuwerat zuwa Nuwadibu. Ba don fasinja aka yi shi ba. A Zuwerat akwai duwatsun tama, irin wadda maƙeran da suke narkawa su fitar da ƙarfe. Kamfanin haƙar ma'adinai na ƙasar, mai suna SNIM, shi ke ɗora tamar a jirgi zuwa bakin teku, daga nan a sayar wa ƙasashen waje. Jirgi ɗaya yakan ja tarago 200 ko fiye. Kowane tarago yakan ɗauki tan 84, kusan kayan tirela uku ke nan. Tsawon jirgin yakan kai kilomita biyu da rabi. Idan mai karatu ya tashi daga kansa da ƙafa, sai ya yi kamar rabin awa kafin ya iso wutsiyarsa.

Akan haɗa taragon fasinja a baya, wanda ake biyan kuɗi. Amma a shekarun baya talakawa sun saba hawa taragun kaya ba tare da biyan ko sisi ba. Idan jirgin zai tafi Zuwerat, taragun fanko ne, sai 'yan kasuwa su loda buhunan shinkafa da kifi da kayan masarufi. Idan zai dawo, sai su zauna a kan tulin tama, wani har da tumakinsa. Tafiyar takan ci awa 16 zuwa 20. Da rana zafi kamar tanderu. Da dare sanyi ya shiga har ƙashi. Ƙurar tama baƙa ce, tana shiga ido da hanci da kunne, sai mutum ya naɗe fuska da rawani ya sa tabarau. Idan jirgin ya taka birki, taragun sukan yi karo da juna da ƙarfi, wanda ke tsaye a gefe yana iya faɗowa. In kuwa ya faɗo, babu mai ji, babu mai tsayawa. Kyautar da za ta iya cin ran mutum ba araha ba ce.

Wannan jirgi ne kuma ke kai ruwan sha ga ƙauyukan da ke gefen dogo. A wajen iyakar arewa akwai wuraren da aka binne nakiyoyi lokacin yaƙin Yammacin Sahara, wanda Muritaniya ta shiga daga 1975 zuwa 1979. Shi ya sa ake gargaɗin baƙo kada ya kauce daga sawun motoci, kuma kada ya shiga daji ba tare da jagora ɗan ƙasa ba.

Wanda ya sauka a tashar Shum yakan sami mota zuwa Atar, daga nan ya wuce Shingiti. Almajiran ilimi a ƙasar Hausa sun san wannan suna, domin malaman Shingiti sun shahara da hadda. Ta hannun malaman wannan ƙasa ne ɗariƙar Tijjaniyya ta gangara Futa, har ta kai ga Alhaji Umaru Futi, wanda ya zauna a Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A da, ayarin gishiri da na alhazai a Shingiti suke haɗuwa. Har yanzu akwai tsohon masallacin dutse, da siffar ƙwan jimina a kan hasumiyarsa. Akwai kuma gidajen da suka gaji littattafan rubutun hannu tun kaka da kakanni. A 1996 hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya, tare da Wadan da Tishit da Walata. Sai dai rairayi yana ta binne gidajen da ke gefen gari.

Abin da ke sauƙaƙa wa matafiyi duk wannan wahala shi ne halin mutanen. Baƙo ba ya wuce tanti ba a ba shi abin sha ba. Da farko akan miƙo zirig, watau nono da aka surka da ruwa da sukari. Sa'an nan a ɗora shayi mai na'ana'a. Kofi uku ake sha, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a gaggawa. Tashi bayan kofi na farko rashin ladabi ne. Maza suna sa babbar riga shuɗiya ko fara, mata kuma suna yafa laffaya irin ta matan Barno. Doka ta hana giya a ƙasar.

Akwai wasu matafiya da ke zuwa Muritaniya ba don ita ba. Samari ne daga ƙasashen Afirka ta Yamma, masu son ƙetarawa Turai. Daga Nuwadibu zuwa tsibiran Kanari na ƙasar Sifen wajen kilomita 800 ne a kan teku. Dillalai sukan karɓi kuɗi mai yawa, su cusa mutum 100 ko fiye a kwalekwalen kamun kifi. Idan inji ya mutu ko mai ya ƙare, igiyar ruwa takan ja su tsakiyar teku, ƙishirwa ta gama da su alhali ruwa na kewaye da su. A 2024 mutum fiye da 46,000 suka isa tsibiran, da yawansu daga gaɓar Muritaniya suka tashi. A watan Disamba na 2019 wani kwalekwale da ya taso daga Gambiya ya kife kusa da Nuwadibu, mutum fiye da 60 suka rasu. A watan Yuli na 2024 wani ya kife kusa da Njago, a kudancin ƙasar, ɗauke da mutum kimanin 170. An tsamo gawa 89. Mutum 9 ne kawai aka ceto da rai, cikinsu har da yarinya 'yar shekara 5.