Jitar lantarki a shagon kafinta: wutar ba ita ce wahalar ba

Duk mai bin kiɗan jita a Nijar ya san labarin Mdou Moctar, ɗan jihar Tahoua, wanda ya harhaɗa jitarsa ta farko da guntun katako da wayar birkin keke. Haka ake ba da labarin Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen a Mali: gwangwani, sanda, da wayar birki. Labari ne mai daɗin ji, amma akwai inda yake tsayawa. Waɗannan mutane da suka tashi hawa dandali, jitar da aka ƙera a masana'antar waje suka rataya. Ƙasar da ta fitar da Bombino, wanda aka saka cikin 'yan takarar kyautar Grammy a 2019, har yau yawancin matasanta jiran gwanjo suke, ko ta China mai araha wadda wuyanta ke lanƙwashewa bayan damina ɗaya.

Wannan ya sa na ɗauki watanni ina kai-komo tsakanin kasuwar Katako ta Yamai da shagon wani dattijon kafinta a unguwarmu, don in ga ko ɗan koyo zai iya ƙera jitar lantarki wadda za a kaɗa a gidan biki ba a ji kunya ba. Zai iya. Sai dai abin da mutane ke tsoro, wato wayoyi da lantarki, aikin yini guda ne. Inda ake kayar da mutum shi ne wuya, da awon milimita.

Siffar Telecaster na zaɓa, wadda kamfanin Leo Fender ya fara sayarwa a Amurka a farkon shekarun 1950. Fender mai gyaran rediyo ne, ba makaɗin jita ba, shi ya sa ya tsara ta kamar kayan gyara: jiki falle ɗaya na katako mai kaurin milimita 44 ko 45, ba lanƙwasa, ba rami irin na jitar gargajiya, sai wuya daban da ake ɗaurewa da sukurori huɗu. Idan wuyan ya lalace, ka kwance ka sake wani, jikin yana nan. Ga wanda bai taɓa yi ba, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Katako kuwa, tsoho ya fi sabo. Na sabon yanka yana ɗauke da ruwa, hunturu na shigowa zai bushe ya murɗe, aikin wata uku ya tafi a banza. Na sayi tsohon ƙyauren jan katako da aka ciro daga wani gida da aka rushe, wanda ya sha rana da iska shekara da shekaru. Ba ni na fara ba: Brian May na ƙungiyar Queen a Ingila, shi da mahaifinsa, sun sassaƙa wuyan jitarsa a 1963 daga tsohon katakon murhun ɗumama ɗaki da ya haura shekara ɗari, kuma ita yake kaɗawa har yanzu. Itatuwanmu ma ba baya ba ne. Maɗaci dangin mahogani ne da manyan kamfanoni ke amfani da shi, kanya kuma dangin baƙin itacen nan ne mai tsada da ake shimfiɗawa a fuskar wuya. Madobiya ma tana yi, amma an sare ta a Afirka ta Yamma har aka sa cinikinta ƙarƙashin yarjejeniyar CITES tun 2017, don haka in ba tsohon guntu ka samu ba, ka bar ta.

To, ga inda maganar take. Mai sassaƙa gurmi ko molo ba ya buƙatar lissafi, domin wuyan sumul yake, yatsan makaɗi da kunnensa ne ke nemo sauti. Jita kuwa an kafe mata gaɓoɓin ƙarfe a wuya, kowace gaɓa sauti guda, kuma da zarar an kafa ta a inda ba daidai ba, babu gwanintar da za ta gyara. A tsarin Fender, tsawon tsirkiya daga ƙaramin jakin da ke kai zuwa babban jakin da ke jiki milimita 648 ne. Ka raba 648 da 17.817, ka samu 36.4: nan gaɓar farko za ta zauna. Ka cire wannan, ka sake raba abin da ya rage da 17.817, ka samu 34.3, tazarar ta biyu ke nan. Haka za a yi ta tafiya, tazarar na raguwa, har a gaɓa ta 21 ta koma kusan 11.5. Gaɓa ta 12 dole ta faɗo a tsakiya cif, milimita 324. In ba ta faɗo nan ba, akwai abin da ya kuɓuce a lissafin.

Kuma kowane awo daga kai ake ɗaukar sa, ba daga gaɓar da ta gabata ba. In kana auna wa daga gaɓa zuwa gaɓa, kuskuren rabin milimita zai hau kan wani, kafin ka kai ƙarshen wuya ya taru ya zama abin da ko yaro zai ji a kunne.

Dattijon kafintan, wanda ya shekara da yawa yana yin gadaje da kabad, da ya ga ina zana layi da bakin reza maimakon fensir, sai ya yi dariya. "Ɗana, wannan aikin agogo ne ko na katako?" Na ce, "Baba, kaurin layin fensir kaɗai ya isa ya ɓata sauti." Bai ce komai ba. Washegari na tarar ya goge haƙoran wani zarton ƙarfe a dutse har ya sirance, saboda ramin da gaɓa ke shiga bai wuce milimita 0.6 ba, zarton kafinta kuwa ya fi haka faɗi. Da shi muka yanka ramuka 21, a kwana biyu, ba gaggawa.

Akwai wani abu a cikin wuyan da ido ba ya gani. Tsirkiyoyi shida na ƙarfe, in an ɗaure su daidai, suna jan wuya da nauyin da ya kai kilo 40 zuwa 50, dare da rana, kusan buhun siminti. Katako shi kaɗai zai sunkuya. Don haka ake haƙa kwari a tsawon wuyan a binne sandar ƙarfe mai noti, wadda ake ɗaurewa ko sassautawa. A ƙasar da iska ke bushewa ƙayau a watan Janairu ta kuma jiƙe sharkaf a Agusta, jitar da ba ta da wannan sanda ba za ta yi shekara tana kaɗuwa ba. Ban yarda wani ya tsallake wannan mataki don tsimin kuɗi ba.

Sai maganar lantarkin. Abin da ke ɗaukar sauti, wanda makaɗanmu ke kira mikro, maganaɗisu ne guda shida da aka naɗe da wayar tagulla. Tsirkiya na girgiza a kansu, sai 'yar wuta ƙanƙanuwa ta taso a wayar, ampili ya ƙara mata ƙarfi. Shi ke nan. Ana iya naɗa shi a gida da keken ɗinki, amma wayar da ake so kaurinta kusan milimita 0.06 ne, kamar silin gashi, kuma zagaye wajen 8,000 ake yi ba tare da ta tsinke ba. Masu naɗin fanka da injin ruwa da na zagaya, wayarsu ta fi haka kauri. Na ciro nawa daga wata matacciyar jita da wuyanta ya karye, tare da kunnuwan ɗaure tsirkiya da babban jakin. Wasu za su ce ai wannan ba ƙira daga tushe ba ce. Su faɗa. Brian May ma ya naɗa nasa da farko, daga baya ya cire ya sayi na kamfanin Burns. Ƙaramin jakin dai da hannuna na goge shi daga ƙashin saniya da na karɓo wajen mahauci, na dafa, na shanya.

Haɗa wayoyin da dalma wani mai gyaran rediyo ya nuna mini cikin awa biyu. Abu ɗaya ya nanata, ni ma zan nanata: akwai wayar da ke haɗa babban jaki da ƙasan da'irar, ita ke kashe gunjin nan da ake ji a lasifika, amma ita ce kuma ke haɗa hannun makaɗi da jikin ampili. Gidajenmu da yawa ba su da wayar ƙasa. In ampilin na da matsala, wutar ta tsirkiya za ta bi, kuma mai kaɗawa da gumi a hannu, ƙafa ba takalmi, shi ne hanyarta. Gwajin farko da ampili mai batir na yi shi.

Ranar da muka ɗaura tsirkiya, sai da aka ja kowane dokin jaki baya kaɗan, na tsirkiya mai kauri fiye da na siririya, har sautin gaɓa ta 12 ya yi daidai da na tsirkiya a sake. Wani matashi da ke kiɗan biki a unguwar ya karɓa ya gwada salon Agadez, ya ce ta fi tasa nauyi a kafaɗa, amma sautin ba ya gudu ko a can ƙasan wuya. Ya are ta bikin aure biyu. Da hunturu ya shigo, katakon ya ɗan tsuke, bakin gaɓoɓin ya fito yana karce hannu, sai na bi su da magagari ɗaya bayan ɗaya, na kuma juya notin sandar wuya kwatan zagaye.