Hunturun Amstadam a Zanen Fentin Mai

Birnin Amstadam na ƙasar Holan ya yi suna da hanyoyin ruwa da aka haƙa tsakanin unguwanni, manyansu tun ƙarni na 17, kuma idan hunturu ya kankama, dusar ƙanƙara, wato ruwan sama mai daskarewa ya sauko kamar auduga, takan lulluɓe gadoji da rufin gidaje. Wannan yanayi ya daɗe yana jan hankalin masu zane, tun daga Hendrick Avercamp (1585–1634), bebe wanda ya shahara da zanen jama'a suna wasa a kan daskararren ruwa, har zuwa George Hendrik Breitner (1857–1923), wanda kan ɗauki hoton titi da kyamara kafin ya zana shi.

Fentin mai garin launi ne da aka kwaɓa da man linsid, wanda ake tatsa daga ƙwayar wata shuka, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin ya bushe, domin sai man ya haɗu da iska sannan yake taurara. Saboda haka ake koya wa ɗalibi ya fara da shafi tsararo, ya riƙa ƙara mai a kowane shafi na gaba, don idan na sama ya riga na ƙasa bushewa, zanen zai tsattsage.

Babban tarkon da ɗan koyo ke faɗawa shi ne ɗaukar dusar ƙanƙara a matsayin fara fat, alhali tana aron launi daga duk abin da ke kewaye da ita. Inuwarta takan karkata zuwa shuɗi saboda sararin sama ne ke haska ta, gefen da rana ta taɓa yakan yi ɗan ruwan ɗorawa, inda kuwa ƙafafu da tayoyin kekuna suka tattake takan koma ruwan toka mai dauɗa. Don haka gwani yakan yi rowar farin fenti, ya adana tsantsarsa har ƙarshe, sannan ya ɗora shi da kauri a wurare kaɗan, kamar bakin gada da kan kwalekwalen da ke ɗaure, inda ido zai fara sauka.

Ruwan hanyoyin birnin kansa shi ke fito da hasken dusar, domin a irin wannan rana yakan yi duhu, kusan baƙi-baƙi da ɗan kore. Ana jawo inuwar gidajen jan bulo a cikinsa da burushi daga sama zuwa ƙasa, sannan a gitta ta a hankali da busasshen burushi tun fentin yana ɗanye, gefunanta su narke. Gine-ginen nesa kuma akan rage musu kaifi da ƙarfin launi, kamar yadda hazon hunturu ke dusashe bishiyoyin da ke nesa a ƙasar Hausa.

Kafin a taɓa babban ƙyallen zane, malamai kan sa ɗalibi ya yi ƙaramin gwaji da baƙi da fari kawai, ya tantance inda haske ya fi yawa da inda duhu ya fi tsanani. Wanda ya daidaita wannan mizani, zanensa zai yi sanyin hunturu ko da launuka huɗu ya yi aiki.